Gomiya ko Zamani? Matsalar Jeranta Faya-fayan Waƙoƙin Hausa na Shekarun 1970, da Misali Daga Ƙasar Kura da Bunkure

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta kafu tsakanin masu sharhin kiɗa, watau duk sa'ad da shekaru goma suka cika sai su zauna su jera faya-fayan da suka fito a cikinsu, su ce wannan ne na ɗaya, wancan ne na biyu, har su kai ɗari. Yanzu akan ji irin wannan magana a bakin ɗalibai da masu sha'awar waƙoƙin baka na Hausa, ana tambayar wane faifai ne ya fi a shekarun 1970, ko wane makaɗi ne ya riƙe shekarun 1980. Tambayar tana da daɗin ji, amma tana tsaye ne a kan ƙafa biyu waɗanda ba a cika gwada ƙarfinsu ba. Ta farko ita ce cewa shekaru goma suna da iyaka sananniya. Ta biyu kuwa ita ce cewa waƙar Bahaushe tana da ranar fita kamar yadda faifan Bature yake da ita.

Manufar wannan maƙala ita ce ta gwada waɗannan ƙafafu biyu, sa'an nan ta nuna cewa abin da ya dace a auna waƙoƙin Hausa da shi shi ne zamani, watau tsawon lokacin da hanyar samun jama'a da na'urar sauraronsu da iyayen gidan makaɗa suka zauna a kan hali ɗaya. Za a ɗauki ƙasar Kura da Bunkure ta Jihar Kano a matsayin misali, domin a can ana iya nuna shekarar da rayuwa ta juya ba tare da dogon musu ba.

2.0 Ina Iyakar Shekaru Goma?

Su kansu masu wannan al'ada ba su tsira daga rikicin iyaka ba. A watan Nuwamba 1989 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da jerin faya-fayai 100 da ta ce su ne suka fi a shekarun 1980, ta ɗora London Calling na ƙungiyar The Clash a kan gaba. To, amma wannan faifai ya fita a Ingila tun cikin watan Disamba 1979, sai a Janairu 1980 ya isa kasuwar Amurka. Ke nan ga mutumin Landan faifan na shekarun 1970 ne, ga mutumin Amurka kuwa na shekarun 1980 ne. Bugu da ƙari, an buga jerin tun shekarar 1989 ba ta ƙare ba, saboda haka duk faifan da ya fito bayan nan ba a ba shi damar shiga ba.

Akwai kuma tsohuwar gardama ta masu lissafi. Ƙidayar Miladiyya, wadda wani malamin Kirista mai suna Dionysius ya tsara a shekarar 525, ba ta da shekara ta sifiri, daga 1 ta fara. Idan haka ne, goman farko ta cika ne a ƙarshen shekara ta 10, kuma in aka bi lissafin har zuwa ƙarni na 20, goman da ake magana a kai za ta fara a 1971 ta ƙare a 1980. Amma jama'a da 'yan jarida suna bin sunan lamba ne, suna ƙirgawa daga 1970 zuwa 1979. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, domin ɗaya ƙidaya yake yi, ɗaya kuwa suna yake sa wa.

Ga Bahaushe Musulmi abin ya ƙara ninkuwa, saboda yana riƙe da ƙidaya ta biyu. Shekarar Hijira ta 1390 ta kama ne a watan Maris 1970, ta 1400 kuwa a watan Nuwamba 1979. Ita ma Hijira daga 1 ta fara, don haka ƙarni na 14 bai cika ba sai da shekarar 1400 ta ƙare a Nuwamba 1980, ko da yake mutane da yawa sun ɗauki kamawar 1400 a matsayin shigar sabon ƙarni. Har ila yau, shekaru goma na wata sun gaza shekaru goma na rana da kwana ɗari da 'yan kai. Saboda haka kafin a ce waƙa kaza ta shekaru kaza ce, sai an fara tambaya: a ƙidayar wa?

3.0 Yadda Bahaushe Yake Yanka Lokaci

Kalmar gomiya, wadda wasu marubuta suke amfani da ita yanzu don nufin shekaru goma, asalinta kalmar ƙirga ce. Da ita ake cewa gomiya biyu da gomiya uku kafin ashirin da talatin na Larabci su mamaye harshe. Ba ta ɗauke da ma'anar wani yanki na tarihi mai halinsa na kansa. Kalmar da ta ɗauki wannan nauyi ita ce zamani, kuma zamani yana rataye ne a wuyan mutum ko wani babban al'amari. Littafin tarihin sarakunan Kano, tun daga Bagauda, yana ba da labari ne sarki bayan sarki, ya faɗi abin da ya auku a zamanin kowane da yawan shekarun da ya yi. Haka dattawan Kano suke cewa zamanin Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953) ko zamanin Sanusi (1953 zuwa 1963). Talaka a ƙauye kuwa yakan kafa shekarunsa da abin da ya taɓa cikinsa, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko shekarar zuwan fara, ko shekarar canjin kuɗi.

A nan akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin rubutacciyar waƙa da waƙar baka. Marubucin waƙa, musamman wanda ya tashi a makarantar allo da ta ilimi, sau da yawa yakan rufe waƙarsa da ramzi, watau ya ɓoye shekarar Hijira cikin haruffa, mai nazari ya warware ya sami shekarar. Makaɗi ba ya yin haka. Shi abin da yake sakawa cikin waƙa shi ne sunan ubangida da sarautarsa da kyautar da ya yi, kuma ta nan ne kaɗai waƙar take faɗin lokacinta.

4.0 Waƙa da Faifai

Ƙafa ta biyu ita ce faifai. Faifan garmaho na farko, mai juyi 78 a minti, yana ɗaukar kimanin minti uku ne a kowace fuska. Babban faifai mai juyi 33, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, yana ɗaukar kimanin minti 20 a fuska, kuma shi ne ya bunƙasa abin da ake kira albam, watau tarin waƙoƙi da aka shirya su tare, aka sa musu suna ɗaya, aka fitar da su rana ɗaya. Mawaƙin Turai na shekarun 1970 yana tsara aikinsa ne don wannan ma'auni.

Makaɗin Hausa na wancan lokaci ba don faifai yake shirya waƙa ba. Yana shirya ta ne don fada ko dandali ko gidan biki, sai daga baya na'ura ta riske ta. Gaskiya ne kamfanoni irin su EMI sun buga faya-fayan manyan makaɗa kamar Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, amma abin da ke kan faifan ɗauka ɗaya ce daga cikin sau da yawa da aka rera waƙar. Bakandamiyar Shata ita ce misali mafi kusa. Ya rera ta a wurare daban-daban cikin shekaru masu yawa, yana ƙara ɗiya yana rage wasu gwargwadon wurin da ya sami kansa da mutanen da ke gabansa. Wanda ya ce zai sa ta a jerin shekarun 1970 sai ya faɗi wace ɗauka yake nufi, ta gidan rediyo ko ta kamfani ko wadda wani ya naɗa a wurin biki.

Sa'an nan ba ta faifai yawancin Hausawa suka san waɗannan waƙoƙi ba, ta rediyo ne. Tun 1944 aka kafa rediyon waya a birnin Kano, a 1962 kuma gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki, ya shiga tara muryoyin makaɗa yana watsa su ko'ina cikin Arewa. Rediyo ba ya bin shekarar fita. Ibrahim Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, amma muryarsa ba ta bar akwatin rediyo ba cikin shekarun 1970 da bayansu, har yaron da aka haifa bayan rasuwarsa ya tashi yana jin sa tare da Musa Ɗanƙwairo kamar tsararraki ne masu rai. Idan ana maganar abin da kunnen jama'a ya sha a wannan lokaci, ba a isa a fitar da Narambaɗa ba. Idan kuwa ana maganar abin da aka ƙaga a lokacin, ba shi da wuri. Albam a ma'anarsa ta Turai bai zauna sosai a waƙar Hausa ba sai a ƙarni na 21, lokacin mawaƙan sutudiyo irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa, waɗanda suke fitar da kundi mai suna da shekara.

5.0 Ƙasar Kura da Bunkure: Yaushe Zamani Ya Juya?

Tun da kalanda ba ta ba da iyaka mai ƙarfi ba, faifai ma bai bayar ba, sai a koma wajen masu sauraro a ga lokacin da rayuwarsu ta canza. Ƙasar Kura da Bunkure, kudu da birnin Kano, ta dace da wannan gwaji. Kafin shekarun 1970 noman damina ne ginshiƙinta, dawa da gero don ci, gyaɗa don kuɗi, ga kuma rini da ya sa sunan Kura ya kai har cikin Sahara. Kuɗi sukan shigo hannun manomi ne da kaka, don haka da kaka da rani ake bukukuwa da dambe da kokawa, a nan ne makaɗi yake samun abinsa.

A zamanin Gwamna Audu Bako (1967 zuwa 1975) aka fara aikin noman rani na Kogin Kano. An soma da gonar gwaji a Kadawa a farkon shekarun 1970, aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa filayen da aka tsara za su kai kadada 22,000 a kashi na farko. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Alkama da tumatir, daga baya kuma shinkafa, suka shiga gonakin da a da suke kwance da rani. Ba kowa ne ya ci riba ba, domin an ta da ƙauyuka saboda ruwan Tiga, kuma sabon noman yana bukatar taki da kuɗin ruwa da 'yan ƙodago waɗanda ƙaramin manomi ba ya iya biya kullum. Duk da haka abu ɗaya ya tabbata: kuɗi sun sami kaka ta biyu, kuma ƙasar da mutanenta suke fita cin rani ta zama wurin da baƙi suke zuwa neman aiki.

Idan aka duba abubuwan da suka kewaye wannan aiki, za a ga sun taru ne cikin shekaru uku ko huɗu. A watan Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Fari mai tsanani ya auka wa Arewa a 1972 zuwa 1974, kuma a ƙarshen 1973 farashin man fetur ya yi tashin da ya cika baitulmalin Nijeriya. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da bashin watanni, kasuwanni suka cika da rediyo da rikoda da babura. A daminar wannan shekara ta 1975 cuta ta halaka gyaɗa, kuma daga nan dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake komawa yadda take ba. Kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙago a 1963, a wannan tsakani ne ya fara yaɗuwa a hannun jama'a.

Muhimmancin kaset ga ƙauye a fili yake. Garmaho kayan ɗaki ne, faifansa yana fashewa, zafi yana lanƙwasa shi. Rikoda kuwa da batir take aiki, ana rataya ta a keke, ana ajiye ta a bakin magudana ko a teburin mai shayi, kuma tana ɗaukar magana. Kaset mai minti 60 ko 90 yana iya ɗauke waƙar fada da tsawonta ba tare da an datse ta ba, kuma kowa yana iya kwafa wa abokinsa. Daga nan mai sauraro ya daina jiran abin da gidan rediyo ya ga dama ya sa masa. Haka kuma iyayen gidan makaɗa suka ƙaru, domin bayan sarakuna da hakimai sai ga 'yan kwangila da dillalai da masu motocin haya da manyan manoma, kowa yana son a ambace shi. Kalangun Shata da kuntigin Ɗanmaraya da gurmin Haruna Uji da kukumar Garba Supa duk sun sami kasuwa a wannan yanayi.

Saboda haka, ga mutumin Bunkure, shekarar 1970 ba ta buɗe wani sabon babi na sauraro ba. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun shekarar, amma gona da kasuwa da akwatin rediyo suna nan yadda suke. Babin ya buɗe ne tsakanin 1973 da 1975. Haka nan daren 31 ga Disamba 1979 bai rufe kome ba. Mulkin farar hula da ya fara ranar 1 ga Oktoba 1979 ƙara wa makaɗa aiki ya yi, domin jam'iyyun NPN da PRP da sauransu suna bukatar waƙa, kuma kuɗin mai suna nan suna gudana. Alamar rufewa ta fara bayyana ne a 1982, da gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Sojoji suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba 1983, waƙar jam'iyya ta yi shiru, a 1984 aka canza launin kuɗi aka rufe iyakokin ƙasa, a 1986 kuma aka shiga shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira. Cikin 'yan shekaru bayan haka manyan kamfanonin faifai na ƙasashen waje suka sayar da rassansu na Nijeriya, saboda tsadar kaya da yawan kwafar kaset. A taƙaice, abin da ake kira shekarun 1970 a waƙar Hausa, in an auna shi da rayuwar wannan yanki, ya kama ne daga wajen 1973 zuwa wajen 1984.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ilimin tarihi. Masanin tarihin nan na Ingila, Eric Hobsbawm, ya ɗauki ƙarni na 19 daga 1789 zuwa 1914, na 20 kuwa daga 1914 zuwa 1991, domin ya ga al'amura ba su bi lamba ba. Sai dai a lura, iyakar da ta dace da Kura da Bunkure ba lalle ta dace da Maraɗi ko Damagaram ba, inda kuɗi da gwamnati da gidan rediyo suke daban. Kowace ƙasa da inda zamaninta ya juya.

6.0 Idan Za a Jeranta

Wannan bayani bai hana a fifita wata waƙa a kan wata ba. Bahaushe ya daɗe yana yin haka ta hanyoyinsa. Sarki yakan naɗa wa makaɗi sarauta, makaɗi da kansa yakan ware waƙa ɗaya ya kira ta bakandamiyarsa, masu sauraro kuma a da sukan aika wasiƙu ga shirin Zaɓi Sonka su nemi abin da ransu yake so. Abin da ake bukata shi ne mai nazari ya kiyaye sharuɗɗa uku.

Na farko, ya jera waƙa da ɗauka, ya faɗi inda aka naɗe ta da wanda ya naɗa, maimakon ya dogara da sunan da mai shagon kaset ya rubuta a bayan kwali. Na biyu, ya jera cikin rukuni. Rabe-raben da masana irin su Sa'idu Muhammad Gusau suka yi, na makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza da na mata, suna da amfani a nan, domin ba ma'auni ɗaya ake sa wa kotson Ɗanƙwairo a gaban sarki da waƙar Ɗan'anace a filin dambe da ƙwaryar Barmani Coge a cikin gida ba. Na uku, ya nemi shekarar waƙa daga cikinta. Waƙar da ta ambaci naira ba ta riga 1973 ba, ko da yake ambaton fam ba ya tabbatar da tsufa, tun da mutane sun daɗe suna kiran naira biyu fam. Wadda ta ambaci Jihar Arewa maso Yamma tana tsakanin 1967 da 1976, wadda kuma ta ambaci Jihar Sakkwato ko ƙaramar hukuma ta sabon tsari ba ta riga 1976 ba. Sarautar da aka kira ubangida da ita, da kiransa Alhaji ko rashin kiransa, da irin motar da ya bayar, duk shaidu ne, kuma sai an haɗa biyu ko uku kafin a yanke hukunci.

7.0 Kammalawa

An ga cewa shekaru goma ba su da iyaka ɗaya ko a wurin waɗanda suka ƙago al'adar jeranta faya-fayai, kuma waƙar baka ta Hausa ba ta da ranar fita da za a rataye ta a kai. An kuma ga cewa a ƙasar Kura da Bunkure zamanin da ake nufi ya fara ne da naira da ruwan Tiga da rikoda, ya rufe da tsuke bakin aljihu da dawowar soja.

Abin da ya sa wannan magana ta wuce gardamar masu lissafi shi ne halin da waƙoƙin suke ciki. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Waƙoƙinsu sun tashi daga zaren rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wayar hannu da intanet, kuma a kowane tashi sukan yar da ɗan bayanin da ke tare da su. Ayyuka irin na Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata (1975) da na Ibrahim Sheme da abokansa (2006) sun nuna abin da ake samu idan aka zauna da makaɗi da 'yan amshinsa da mutanen da ya yi wa waƙa. Waɗanda za su iya cewa an yi waƙa kaza shekarar da ruwa ya iso gonarsu, ko shekarar da gyaɗa ta mutu, suna nan a Kadawa da Gafan da Bunkure, amma mafi ƙuruciyarsu ya ba sittin baya. Ɗalibin da ya je musu da kalanda zai dawo da lamba wadda ba ta da tushe. Wanda ya tambaye su da irin ƙidayarsu, sa'an nan ya mayar da amsar zuwa shekara, shi ne zai iya kafa jerin da wani zai dogara da shi.